Ruwa da Baƙi: Tarihin Magangarar Zambezi da Darasinta ga Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Gabatarwa

A cikin shekarar 1992 aka gama ginin madatsar ruwan Chalawa a ƙasar Ƙaraye, wajen kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tun daga lokacin nan, sau da yawa idan aka lasafta wuraren yawon buɗe ido na Jihar Kano, sai a ga sunan madatsar a jere da na Tiga da na dajin Falgore. Shekaru fiye da 30 ke nan, amma har yau wurin bai zama inda baƙi ke yi wa tururuwa ba. Mutanen da ruwan ya ci gonakinsu suna da hakkin su tambaya ko mene ne dalili, su kuma tambaya ko zuwan baƙin, in har sun zo, zai amfane su da wani abu.

Wannan lacca za ta nemi amsar tambayoyin nan biyu ta hanyar tarihi. Za a fara da wurin da ya fi kowane wurin ruwa a Afirka suna wajen jawo 'yan kallo, watau magangarar ruwan kogin Zambezi wadda Turawa suka sa wa sunan Sarauniya Biktoriya. Za a duba yadda aka yi ta zama kasuwa, da waɗanda suka ci ribar kasuwar, da waɗanda aka ture gefe. Sa'an nan a komo gida a dubi ƙasar Ƙaraye da Rogo da tarihin madatsun ruwa na Kano. Ba a yi nufin daidaita wuraren biyu ba, domin wancan halittar Ubangiji ce, wannan kuwa aikin injiniyoyi ne. Abin da ya haɗa su shi ne tambayar da kan taso ko'ina aka kira jama'a kallon ruwa, watau ruwan na wane ne, kuɗin kallo kuma aljihun wa zai shiga.

Magangarar da masu ita

Kogin Zambezi ya taso daga arewa maso yammacin Zambiya, ya ratsa Angola, ya komo Zambiya, ya zama iyaka tsakaninta da Zimbabuwe, kana ya bi ta Mozambik ya faɗa tekun Indiya. A kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe kogin yana tafe a shimfiɗe bisa faffaɗan dutse, sai ƙasa ta tsage a gabansa, ruwan ɗungum ya zuba cikin rami. Faɗin bakin magangarar mita 1,708 ne, zurfinta kuwa a inda ya fi yawa mita 108. Sa'ad da kogi ya cika, wajen watan Afrilu, feshin ruwan yakan tashi sama kamar hayaƙin gobarar daji, ana hango shi daga nisan kilomita masu yawa, rugugin kuma kamar na aradu.

Tun kafin wani Bature ya ji labarin wurin, akwai jama'a zaune a gefensa. Mutanen Leya, 'yan'uwan Tonga, su ne masu ƙasar, kuma sarautar Mukuni da ke gefen Zambiya tana nan har yanzu. Sun san mashigai da tsibiran kogin, su ne masu fito, suna kuma da wurare a bakin magangarar inda suke tsafe-tsafensu na roƙon ruwa da tunawa da kakanni. A farkon rabin ƙarni na 19 mutanen Kololo suka zo daga kudu a ƙarƙashin sarkinsu Sebetwane, suka mallaki ƙasashen Zambezi ta sama. Daga harshensu ne aka sami sunan Mosi-oa-Tunya, ma'anarsa hayaƙi mai tsawa.

A watan Nuwamba na 1855 David Livingstone, likita ɗan mishan mutumin Sikotland, ya iso wurin. Sarkin Kololo, Sekeletu ɗan Sebetwane, shi ya ba shi mutane da jiragen ruwa, kuma matuƙan kwalekwale na ƙasar su suka kai shi wani tsibiri da ke bakin ramin, ya leƙa. Saboda haka idan littattafan makaranta na zamanin mulkin mallaka suka ce shi ya gano magangarar, abin da ya kamata a fahimta shi ne, shi ya kai labarinta Turai, ya kuma sake mata suna. A 1862 mai zane Thomas Baines ya zo ya zana ta, aka buga zanen a London a 1865, sunanta ya ƙara bazuwa.

Duk da wannan suna, kusan shekara 50 Turawan da suka je wurin 'yan kaɗan ne, galibinsu mafarauta da fatake da 'yan mishan. Tafiyar watanni ce a keken shanu, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙudan tsando mai kashe dabbobi. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a riƙe: kyan wuri da shahararsa ba su isa su kawo baƙi ba muddin babu hanya.

Yadda aka mai da ita kasuwa

Hanyar ta zo ne ta dalilin da bai shafi kallo ba. Cecil Rhodes, shugaban kamfanin Ingila da ya mallaki ƙasashen da aka kira Rodeshiya, yana da burin shimfiɗa dogo daga ƙarshen kudancin Afirka har Alƙahira. Da aka sami kwal a Wankie, inda ake kira Hwange yanzu, sai aka karkata dogon ta can, daga nan kuwa magangarar ba ta da nisa. Jirgin ƙasa ya iso a 1904. A shekarar nan aka buɗe otal na farko, gini na katako da kwano. A watan Satumba na 1905 aka buɗe gadar ƙarfe wadda aka ƙera a Ingila aka kawo gunduwa-gunduwa, tsawonta mita 198, tana kuma sama da ruwa da mita 128. An kafa ta dab da magangarar da gangan, domin Rhodes ya so feshin ruwan ya riƙa taɓa taragun jirgi. Shi kansa ya mutu a 1902, bai taɓa ganin wurin ba.

Garin Livingstone ya kafu a gefen arewa a 1905, ya zama hedkwatar Rodeshiya ta Arewa daga 1911 zuwa 1935, kafin a koma Lusaka. Kamfanin jirgin ƙasa shi ya riƙa tallan wurin, domin kowane ɗan kallo fasinja ne, kuma baƙon otal ne. A 1947 Sarkin Ingila Joji na Shida ya kai ziyara da iyalinsa, a ƙarshen shekarun 1940 kuma jiragen sama masu sauka a kan ruwa suka riƙa yada zango a kogin a hanyarsu ta zuwa Afirka ta Kudu.

To, ina masu ƙasa a cikin wannan ciniki? Gada ta kashe sana'ar fito. An keɓe filayen da ke kewaye da magangarar a matsayin gandun hukuma, shiga wuraren ibadarsu ta zama sai da izini. Otal na Turawa ne kaɗai. Aikin da ya rage wa baƙar fata shi ne tuƙa kwalekwale, da tura 'yan kekunan dogo masu kai baƙi bakin ruwa, da dako, da sassaƙa gumakan itace ana sayarwa a bakin hanya. Sunayen tsibirai da na kwazazzabai ma an sauya su da na Turawa.

Tarihin da ya biyo baya ya nuna yadda wannan kasuwa ke da saurin firgita. Zambiya ta sami 'yancin kai a 1964, Turawan Rodeshiya ta Kudu kuwa suka yi wa Ingila tawaye a 1965, kogin ya zama bakin daga. A 1973 gwamnatin Ian Smith ta rufe iyaka, a 1977 kuma makami mai linzami ya ƙone otal ɗin Elephant Hills. Baƙi suka ɗauke ƙafa, sai bayan 'yancin Zimbabuwe a 1980 suka fara komowa. A 1989 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya da sunayensa biyu. Da rikicin ƙwace gonaki ya tashi a Zimbabuwe a 2000, baƙi da yawa suka koma kwana a gefen Zambiya. A 2013 ƙasashen biyu suka haɗu suka karɓi babban taron hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amma a 2020 annobar korona ta sake mai da otal-otal kufai na wani lokaci. Magangarar ba ta daina zuba ba ko da rana ɗaya a duk shekarun nan. Abin da ke hawa da sauka shi ne kwanciyar hankalin matafiyi.

Abin da baƙo ke biya

Yana da amfani a lura da abin da ake sayar wa baƙo a can, domin kallon ruwan kansa ba ya wuce sa'o'i kaɗan. Akwai hanyar ƙafa da ta bi ta cikin wani ɗan kurmi wanda feshin ruwa ke shayarwa rani da damina, tana kai mutum wuraren tsayawa daura da magangarar. A daren da wata ya cika, in ruwa na da yawa, akan ga bakan gizo da hasken farin wata. Ana shiga jirgin ruwa da yamma a sama da magangarar don ganin dorina da kada da giwaye. Ana hawa jirgi mai saukar ungulu a dubi wurin daga bisa. Tun daga 1981, lokacin da aka fara ratsa kwazazzaban da ke ƙasa da magangarar cikin jirgin roba, wannan wasa na kokawa da igiyar ruwa ya zama sana'a babba. Masu ƙarfin hali sukan ɗaura igiyar roba a ƙafa su diro daga kan gada, nisan mita 111. Idan ruwa ya ja baya kuma, akan kai baƙi tsibirin da Livingstone ya tsaya, su yi wanka a wani gurbi da ke bakin ramin.

Manufar duk waɗannan abubuwa ɗaya ce, watau a sa baƙo ya ƙara kwana. Wanda ya zo da safe ya koma da yamma kuɗin ƙofa kawai ya bari. Wanda ya kwana uku ya biya mai masauki, da mai abinci, da direba, da ɗan jagora, da manomin da ya kawo kayan miya. Sai dai manyan otal-otal da jiragen sama na masu jari ne, da yawansu kuma daga waje, don haka tambayar da mutanen Leya suka fuskanta a 1905 ba ta gama samun amsa ba.

Tsakanin magangara da madatsa

Duk inda kogi ya matse tsakanin duwatsu ko ya gangara da ƙarfi, idon injiniya ma yana kansa. A Yuganda, magangarar Ripon, inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya, ta nutse bayan an gama madatsar Owen a 1954. A nan Nijeriya, madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta haɗiye tsohon garin Bussa da duwatsun cikin kogin Kwara inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka gina wa mutanen sabon gari.

Misalin da ya fi kusa da batun wannan lacca shi ne na Kariba, a kan Zambezi ɗin dai, ƙasa da magangarar. An gama madatsar a 1959, aka ta da mutanen Tonga wajen 57,000 daga bakin kogi zuwa tudu maras albarka. A 1958 'yan sanda suka harbe mutum 8 daga cikin waɗanda suka ƙi tashi. Duniya ta fi jin labarin aikin ceton namun daji da ruwa ya tsare a tsibirai fiye da labarin mutanen. Daga baya tafkin Kariba ya zama wurin shaƙatawa mai otal-otal da jiragen ruwa na kwana, wutar lantarkinsa ta tafi birane da ma'adinai, ƙauyukan waɗanda aka tasa kuwa suka daɗe cikin duhu. Arewacin Nijeriya ma ya ga irin wannan a Bakolori, inda rikicin diyya tsakanin manoma da hukuma ya kai ga zub da jini a watan Afrilu na 1980.

Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Nijeriya ta Arewa tana da magangarun ruwa nata. Akwai Gurara a Jihar Neja, da Matsirga kusa da Kafanchan, da Assop a gefen tsaunin Jos, da Farin Ruwa a Jihar Nasarawa. Yammacin Kano ba shi da irinsu. Ƙasa ce mai jigawa da fadamu bisa tsohon dutse, kogunanta kuwa na damina ne: su cika su yi toroƙo daga Yuli zuwa Satumba, da rani su koma yashi, a riƙa tono ana ɗibar ruwa. Babba a cikinsu shi ne Chalawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗejiya, shi kuma ya haɗu da na Jama'are su zama kogin Yobe mai zuba a tafkin Chadi.

Abin da Ƙaraye ta rasa na magangara tana da shi na tarihi. Garin yana kan iyakar Kano ta yamma, inda ƙasashen Katsina da Zazzau suka kusanto, shi ya sa ya zama sansanin yaƙi tun da daɗewa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci cewa Sarkin Kano Muhammadu Zaki, wanda ake lasafta mulkinsa daga 1582 zuwa 1618, ya zauna a Ƙaraye lokacin yaƙinsa da Katsinawa, a can kuma ya rasu. A zamanin magajinsa Muhammadu Nazaki, Wambai Giwa ya mai da Ƙaraye mazauninsa, ya tara dawaki, ya yi ƙarfin da har ya tsorata fadar Kano. A farkon ƙarni na 19 garin ya faɗa hannun masu jihadi, sarautarsa ta koma gidan Fulani. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 Ƙaraye ta zama gunduma mai hakimi. A 2019 gwamnatin jiha ta ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayu na 2024 aka soke wannan doka, sa'an nan a watan Yuli na shekarar aka kafa masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo.

Rogo, wadda ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, tana cikin sassan Kano da suka fi samun ruwan sama. Arzikin yankin duka noma ne da kiwo: dawa da masara a tudu, rake da kayan lambu a fadama. Wanda ya san haka ya san cewa fadama ita ce ƙasa mafi daraja a wurin manomi, ita ce kuma tafki ke fara ci in an datse kogi.

Zamanin madatsun ruwa a Kano

Dangantakar birnin Kano da kogin Chalawa ta girmi madatsar. Tun a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kafa ma'aikatar ruwan famfo a bakin kogin wajen Fanshekara. Amma babban sauyi ya zo ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya yi mulki har 1975, ya ɗauki tara ruwa a matsayin ginshiƙin aikinsa, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 kuma ya gaskata shi. An gina madatsar Bagauda, aka gama ta Tiga a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, wadda ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura.

Audu Bako ya yi tunanin baƙi tare da tunanin noma. An gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka gina wani bisa dutse a Tiga, aka kafa gidan namun daji a birni. Lokacin ya dace da yunƙurin ƙasa baki ɗaya, domin a 1976 aka kafa hukumar yawon buɗe ido ta tarayya, a 1977 kuma aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna cikin bikin FESTAC. Otal ɗin Bagauda ya yi tashe a zamaninsa, daga baya ya ja baya, har aka mai da gine-ginensa reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Gina masauki aikin shekara biyu ne ko uku, riƙe shi kuwa yana bukatar kuɗin gyara kowace shekara, da ma'aikatan da suka san aikin, da baƙin da ba su yankewa.

Madatsar Chalawa ta zo a wani zamani daban. Aikin gwamnatin tarayya ne a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, kamfanin Julius Berger kuma ya gina ta tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonta mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8, tafkin kuma yana ɗaukar kubik mita miliyan 904, ya miƙe yamma ya doshi ƙasar Rogo. An gina ta domin a daidaita gudun kogin, a samar wa birnin Kano ruwan sha, a kuma shayar da noman rani a kwarin Haɗejiya. A wa'adin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, aka fara aikin samar da wutar lantarki a Tiga da Chalawa.

Idan aka dubi waɗannan manufofi za a ga cewa mafi yawan amfanin gabas ya nufa, asarar fadama kuwa a yamma ta tsaya. Gaskiya ne tafkin ya kawo kamun kifi da noman rani a gefensa. Gaskiya ne kuma mutanen can ƙasa ma sun ji a jikinsu, domin Tiga da Chalawa sun rage ambaliyar damina wadda ke raya fadamun Haɗejiya da Nguru, ruwan da ke gudana rani da damina kuma ya ba ciyawar kachalla damar toshe hanyoyin ruwa. Waɗannan fadamu su ne masaukin tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989 domin ganinsu. Ashe kogi ɗaya ne daga Rogo har Nguru, abin da aka yi masa a sama sai ya bayyana a ƙasa.

Bahaushe da kallo

Akwai masu cewa Bahaushe ba ya yawon buɗe ido. Maganar tana bukatar gyara. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal: fatauci ya kai shi Gwanja, neman ilimi ya kai shi gabas, aikin hajji ya kai shi Makka a ƙasa, ci rani ya kai shi kurmi. Shi ya ce tafiya mabuɗin ilimi, ya kuma ce gani ya kori ji. Amma bisa al'ada abin da ke tara shi kallo shi ne bajintar mutane, kamar hawan salla, da dambe, da kokawa, da sharo, da su. Ruwa mai zurfi kuwa wuri ne da ake shakka, ana barinsa ga masunta da Sarkin Ruwa.

Argungu ta nuna abin da za a iya yi da wannan ɗabi'a. Bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta ƙarfafa sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Kogin ba shi da wani abin mamaki, amma dubban masunta da gora da homa suna faɗawa ruwa lokaci ɗaya abin kallo ne. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam, a 2024 kuma hawan sallar Kano ya shiga jerin. A Argungu masu ƙasa su ne masu wasan, sarautunsu na ruwa su ke buɗe shi, saɓanin abin da ya faru a Zambezi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da darussa biyar ga ma'aikatan da ke tsara manufa da ɗaliban da za su gaje su.

Na farko, hanya da masauki da tsaro su ke gaba da talla. Magangarar Zambezi ta jira shekara 49 kafin dogo ya iso, kuma yaƙi ya kore mata baƙi cikin 'yan shekaru. Yankin da ke kan iyakar jihohi uku yana bukatar matafiyi ya amince da hanyarsa dare da rana.

Na biyu, baƙon da ya fi kusa shi ne na gida. Birnin Kano mai miliyoyin mutane yana nesa da tafkin da tafiyar sa'o'i kaɗan. 'Yan makaranta, da iyalai a lokacin salla, da ɗaliban aikin injiniya da na labarin ƙasa, su ne kasuwar da ba ta jiran biza, ba ta kuma gudu in an rufe filin jirgin sama.

Na uku, tafki shi kaɗai ba zai riƙe baƙo ya kwana ba. Sai an haɗa shi da abin da ƙasar ke da shi, watau tarihin Ƙaraye, da hawan sallarta, da kasuwannin Rogo, da gasar su da tseren kwalekwale a hannun masuntan wurin.

Na huɗu, ruwa ba sa'an kwando ba ne. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a tafkin Watari da ke Bagwai, mutane fiye da 20 suka rasu, galibinsu yara 'yan Islamiyya. Kafin a gayyaci kowa bakin Chalawa, wajibi ne a sami dokar yawan fasinja, da rigunan kariya, da masu ceto, da faɗakarwa a kan cutar tsargiya wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance. Haka nan noma har bakin ruwa da sare itatuwa suna tura yashi da laka cikin tafkin, suna rage masa zurfi kowace damina.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne a rubuta rabon mutanen wurin tun kafin a aza tubali. Mutanen Leya da na Tonga sun ba da ƙasa, aka bar su da dako. Idan za a ba wani mai jari fili a bakin tafkin Chalawa, ya kamata yarjejeniyar ta faɗi kason da zai shiga asusun ƙananan hukumomin da abin ya shafa, da yawan 'yan ƙasa da za a ɗauka aiki a kuma horar, ta kuma tabbatar cewa ba za a katange masunta da makiyaya da mata masu ɗibar ruwa daga mashigansu ba.

Akwai kuma aiki ɗaya da ba ya jiran kasafin kuɗi. Dattawan da suka san kwarin Chalawa kafin 1992, da sunayen fadamunsa da mashigansa da unguwannin da ruwa ya rufe, suna raguwa kowace shekara. Ya kamata sassan tarihi da na Hausa na jami'o'in Kano su tura ɗalibai Ƙaraye da Rogo su naɗi bayanansu, a rubuta, a ajiye kwafi a fadar Sarki da ɗakunan karatu na ƙananan hukumomin biyu. Ta haka duk ranar da ɗan jagora ya tsaya bisa bangon madatsar yana nuna wa baƙi ruwa, zai iya gaya musu abin da ke ƙarƙashinsa da sunayen waɗanda suka ba da shi.